Ƙunshin Hajo a Kujerar Ƙurya

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa daga tashar Kano a shekarun nan, in dai ba azumi yake yi ba, to ya ci tuwon Hajo. Rumfarta tana dab da ƙofar da fasinja ke shiga, tukwane biyu da dogon benci guda. Tuwon dawa ne da miyar kuka, ba wani abin a zo a gani ba, amma yajinta ne ya yi suna. Na ga ƙato ɗan dako yana ci yana hawaye yana cewa a ƙaro. Ita kanta ko fura za ta sha sai ta barbaɗa.

Ni ce Yagana, maƙwabciyarta a Rijiyar Lemo, katanga ɗaya ta raba mu. A tashar ma gefenta nake kasa turaren wuta da humra. Ni Babarbariya ce, ita Bafulatanar Kazaure, kun ga ke nan baiwata ce, ko da yake in ita kuka tambaya za ta ce ni ce baiwar. Ƙarya take yi. Mun fi shekara ashirin muna wannan faɗan, ba wadda ta sallama.

'Yar gidan malamai ce. Mijinta, Malam Abdulmuminu, shi ya kawo ta Fagge lokacin da aka ba shi koyar da Arabiyya a makarantar elementare. Da Allah ya yi masa rasuwa danginta suka ce ta koma gida, ta ce a'a, a nan 'ya'yanta suka saba. Ta ɗaura zani ta kafa tukunya a tasha. 'Yan uwa suka yi ta surutu, wai jikar alƙali da sayar da tuwo, ta yi kunnen uwar shegu da su. Da tuwon nan ta aurar da 'yarta Huseina, da shi ta sa autanta Almu a makaranta. Kullum tana sallamar matafiya, masu Legas, masu Jos, masu Nguru, amma ita ko Challawa ba ta taɓa tsallakewa ba.

To, akwai ɗanta na fari, Salmanu. A nan gizo yake saƙar.

Kun san kunyar ɗan fari. Mu ma muna yi, Hausawa ma suna yi, amma ta Fulani daban ce, ta Hajo kuma ta fi ta Fulanin. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa Kazaure, bai dawo Kano ba sai da gemu ya fara fito masa. Adda yake ce mata, kamar yadda ya ji ƙannenta suna kiranta. Ita kuwa ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ya samu aikin akawu a ofishin kaya na tashar, tagarsa tana kallon rumfarta. In ya zo gaishe ta da safe zai durƙusa can nesa, ita kuma ta juya tana tuƙin tuwo, ta ce da ni, “Yagana, ki ce wa mutumin ofishin kaya mun kwana lafiya.” Ga shi nan fa a gabanta, tsawon muciya ne tsakaninsu! Da azahar kuma sai ta zuba tuwo a wani kwanon sha mai murfi, ta ajiye a ƙarshen benci kamar ta manta da shi. Ni ke ɗauka in kai masa, ni ke dawo da kwanon.

Sauran mata in shekaru sun ja sukan sassauta. Hajo ko kusa. Na sha gaya mata, “Ke baiwa, yaron nan ya yi furfura a gefen kai, har yaushe?” Sai ta ce, “Barebari ina kuka san kunya?” Almu kuwa in ya dawo hutu har cinya take ɗora kansa tana duba masa kwarkwata, Salmanu yana hangowa ta taga. Abin yana ba ni haushi, wallahi, ba kaɗan ba.

Shekarar 1957 Salmanu ya biya mata kujerar Makka, a jirgin sama. Mace ba ta tafiya sai da muharrami, Almu yana makaranta, saboda haka shi ne zai raka ta. Ni ma Allah ya kira ni a shekarar, tare da maigidana Goni Sammani. Da aka je allurar tafiya da lamba, likita ya duba Salmanu ya ce yana da gyambon ciki, ya bar yaji gaba ɗaya in yana son kansa. Salmanu ya roƙe ni kada in gaya wa Hajo. Tun daga ranar in na kai masa kwanon sai ya miƙa wa leburori su cinye, ni kuma in dawo da shi ban ce komai ba.

Wata rana na kai tuwon na same shi ya yi tagumi. Ya ce, “Inna Yagana, tambayarki zan yi, ki gaya mini tsakani da Allah. Kunya ce kawai, ko kuwa dai ba na cikin ranta?”

Na ce, “Kai, tafi can! Wace irin magana ce wannan?”

Ya ce, “Mutane suna zuwa ƙasa mai tsarki ba su dawo ba. Ba na son komai. Ina so dai kafin ɗayanmu ya mutu in zauna kusa da ita, ko sau ɗaya, kamar yadda Almu yake zama.”

Babban mutum, mai mata da 'ya'ya, yana share ido da hannun riga. Na ɗauki kwanon na fito. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji.

Da tafiya ta matso Hajo ta bar wa Huseina rumfar, ta kulle kanta a gida tana ta daka da suya. Ina jin ƙarar turmi ta katanga, in na leƙa ta kore ni. Abu ɗaya kawai ta nema a wurina. Ta ji an ce kujerun jirgi bibbiyu ne a jere, kafaɗa da kafaɗa. Ta kama hannuna ta ce, “Yagana, ke za ki zauna kusa da ni. Shi ya zauna da Goni.” Na ce to.

Ranar tafiya da hantsi, an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi. Rabin Fagge sun rako mu filin jirgi. Aka auna akwatuna aka wuce da su, aka ce za a zuba su a cikin jirgin ta ƙasa. Sannan aka ce mu ma kowa ya hau sikeli da abin da yake riƙe da shi. Hajo siririya ce kamar sillen kara, amma da ta hau sai allurar sikelin ta yi gaba, mai awon ya ɗago kai ya dube ta. Ashe wani ƙunshi ne ta rungume a ƙarƙashin mayafi, ya kai girman tulu, an ɗaure shi da zanen saƙi. Aka ce ta kawo a haɗa da akwatuna. Ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe wannan ba zai bar hannunta ba. Mai awon ya ga layi ya yi tsawo, ya ce ta wuce.

Mai kula da fasinja a jirgin wata yarinya ce, Felicia, 'yar Sabon Gari. Mun san uwarta, tana sayar da atamfa a kasuwa, ita kanta yarinyar tun tana 'yar mitsitsiya ake aiko ta sayen tuwo a tasha. Hausa a bakinta kamar jakar Kano. Tana tsaye a bakin ƙofa tana cewa, “Babu lamba a kujera, kowa ya zauna inda ya samu. Kaya marasa nauyi a kantar sama, sauran a ƙarƙashin kujera.”

Maza suka yi ta rububin gaba, kowa yana so ya riga wani isa Makka. Wani tsoho ya ƙi gefen taga, ya ce shi ba zai ga abin da zai hana shi barci ba. Wani yana tambayar ina gabas. Hajo ba ta kalli kowa ba. Ta bi ta tsakiya ta wuce har ƙarshen jirgin, ta shige kujerar ƙurya ta jikin taga, domin a ganinta mace ba ta zama gaban malamai. Ta ɗora ƙunshinta a kujerar kusa da ita, ta dafa shi, tana tsare mini wuri.

Ni kuwa na ja Goni muka zauna a jeren da ke gabanta. Na tura shi jikin taga, na zauna a bakin hanya, na jawo bel ɗin kujera na ɗaure tamau.

“Yagana,” in ji ta a hankali, “ga wurinki nan.”

Na ce, “Goni tsoro yake ji, ba zan bar shi ba.”

Goni ya ce, “Ni? Yaushe na...” Na taka masa ƙafa, ya yi shiru. Allah ya jiƙan Goni, mutum ne mai saurin fahimta.

Da gangan na yi, kuma ko yau aka sake sai na ƙara.

Salmanu shi ya shigo a ƙarshe, ya tsaya taimakon tsofaffi a matattakala. Jirgi ya cika maƙil. Ya bi layi yana dubawa dama da hagu, babu wuri, har ya iso ƙurya. Kujera ɗaya ce ta rage a jirgin duka, ita ce wadda ƙunshin yake kai. Ya dube ni, ya dubi uwarsa, ya gane. Mata biyu ne kawai ban da mu, matan wasu attajirai, kowace ta lulluɓe a gefen mijinta, ba mai ɗaga su. Namijin da ba muharraminta ba kuwa ba zai zauna nan ba.

Kun san abin da bawan Allahn nan ya yi? Ya tattare rigarsa ya durƙusa a kan hanyar tsakiya, ya sunkuyar da kai, kamar yadda yake yi kullum a tasha.

Felicia ta iso da sauri. “Malam, me kake yi a ƙasa?”

Ya ce, “Nan ma ya ishe ni. Zan iya zuwa Jidda a haka.”

Ta riƙe baki. “A tsugune? Malam, wannan ba motar Wudil ba ce! In jirgi ya tashi za ka gangara har wurin direba. Ga kujera nan. Mama, ɗauke kayanki ya zauna.”

Hajo ta juya fuska ga taga. Ta ce, “Yagana, ki ce wa yarinyar nan ta nemo masa wani wuri.”

Na ce, “Ba na faɗa.”

“To ki ce masa...”

Na waiwayo na ce, “Hajo, shekara nawa ina yi miki ɗan aike? Na gaji. Yau na ajiye aiki. Ga ki ga shi, bakinki ba ciwo yake ba.”

Ta harare ni, harara irin wadda ban taɓa gani a idonta ba. Na san na taɓa ta inda yake mata ciwo, kuma na ji tausayinta, don ba taurin kai ba ne kawai. Haka uwarta ta yi mata, haka kakarta ta yi, ita a wurinta wannan shi ne mutunci. Ga jirgi cike da mutanen unguwa, duk sun juyo suna kallo.

Farfela ta fara juyawa a waje, jirgin ya ɗauki rawa. Wani Bature ya leƙo daga gaba ya yi wa Felicia magana da hannu. Ta durƙusa a gaban Hajo, muryarta ta sauka. “Mama, don Allah. Ba za a rufe ƙofa da mutum a tsaye ba. Ko ya zauna a nan, ko ya sauka. Kaya ba su da kujera, mutum ke da ita.”

Hajo ba ta motsa ba. Hannunta yana kan ƙunshin.

Sai Salmanu ya miƙe. Ya kakkaɓe gwiwarsa. Ba ita ya yi wa magana ba, Goni ya yi wa. Ya ce, “Baba Goni, ga amanar Adda nan, ku da Inna Yagana. In ejan ɗin alhazai ya yarda ta tafi a cikin ayarinku, shi ke nan. Ni na sauka, in Allah ya sa da rabo wata shekarar.” Ya juya ya nufi ƙofa.

Na ce a raina, Yagana, kin ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba, kin raba yaro da Makka. Har na kai hannu zan kwance bel ɗin in tashi in ba shi wurina.

Sai na ji nishi a bayana. Hajo ce ta rungumo ƙunshin nan da hannu biyu, ta jawo shi ta ɗora a cinyarta, ya rufe ta har haɓa. Fuskarta tana taga. Ta miƙa hannu ta bubbuga kujerar da ta zama fayau, irin yadda ake kiran yaro ya zo ya zauna.

Na ƙwala kira, “Salmanu! Kai, Salmanu, dawo!”

Ya waiwayo. Ya ga kujerar, ya ga hannun. Ya dawo a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai, ya ɗosana a bakin kujerar, rabin jikinsa a waje. Felicia ta tura kafaɗarsa ya shige sosai, ta ɗaure masa bel. Kafaɗarsa ta taɓa ta uwarsa, kuma ba wanda ya mutu.

Saura ƙunshi. Felicia ta ce ba za a tashi da shi a cinya ba. Ta gwada kantar sama, 'yar siririya ce ta huluna da sanduna, kuma ta ce in wannan ya faɗo a kan mutum sai dai wani ba shi ba. Ta gwada ƙarƙashin kujera, ya ƙi shiga ko ta wane gefe. Ta ce, “Mama, sai an kwance an raba biyu. Rabi a ƙarƙashinki, rabi a ƙarƙashinsa.”

Hajo ta ce ba za a kwance ba. Felicia ta ce za a kwance. A ƙarshe dai Hajo ta sa haƙori ta warware ƙullin da kanta. Ni kuwa na leƙo ta saman kujera, don in na ce ban ƙosa in ga abin da ke ciki ba na yi ƙarya.

Dambun nama ne cike da ƙwarya. Ga gumba, ga garin kunu, ga zuma a kwalba, ga man shanu a ɗan gwangwani. Ga kuma kwanon shan nan mai murfi na ƙarshen benci. Ni mai turare ce, hancina ba ya kuskure. Na shaƙa, na sake shaƙa. Na kai hannu na ɗebi dambun na jefa a baki. Salam, ko ɗigon barkono babu.

Na ce, “Ke baiwa, ina yajin? Ke da ko ruwa ba kya sha sai da shi?”

Ta ce, “Rufe mini baki.”

“Wa ya gaya miki? Wallahi ni ban faɗa ba!”

Ta ce, “Sai an gaya mini? Kwano yana dawowa a suɗe tas kamar an wanke. Shi kuwa tun ranar da ya fara cin tuwona bai taɓa cinyewa ba, sai ya bar loma a gefe. Na san ba shi ke ci ba. Na sa ido, na ga leburori suna fitowa daga ofishin suna hura baki, shi kuma yana dafe ciki.”

Ashe duk dakan nan da suyar nan da take yi a kulle, guzurinsa take haɗawa. Ba ta ɗauko wa kanta komai ba. Salmanu ya sunkuya yana tura ƙwaryar ƙarƙashin kujera, ya daɗe a sunkuye, ya fi ƙarfin abin da aikin yake bukata. Da ya ɗago, gemunsa ya jiƙe.

Aka rufe ƙofa. Jirgi ya yi ta gudu yana ruri, kowa ya kama salati, Goni da ya ce ba ya tsoro ya kusa karya mini yatsu. Da muka rabu da ƙasa na waiwaya. Hajo ta runtse ido, ta damƙe hannun ɗanta da hannu biyu, shi kuma ya zauna ƙiƙam ko numfashin kirki ba ya yi, kada ya motsa ta saki. Ta taga ina hango rufin kwanon Sabon Gari da layin dogo suna ƙanƙancewa.

Can da jirgin ya daidaita ta buɗe ido. Ta ga inda hannunta yake. Na zaci za ta fizge, amma sai ta zare a hankali, ta sunkuya ta jawo kwanon nan, ta cika shi da dambu. Ta ɗago ta dube ni, bakinta har ya buɗe zai ce “Yagana”. Na juya mata ƙeya.

Sannan na ji muryarta, ƙasa-ƙasa.

“Ungo, ci. Babu yaji. Tun safe ba ka sa komai a cikinka ba.”

Ya ce, “To, Inna.”

Bai ce Adda ba, ita kuma ba ta ce masa ya gyara ba. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska na sha kukana, Goni yana tambayata ko amai nake ji.

Mun yi aikin Hajji lafiya, mun dawo lafiya, mu huɗun. Kada ku zaci ta canza hali, Bafulatana ce fa. Har yau ba ta faɗin sunansa, kuma ta yi wata guda ba ta kula ni ba, wai na ci amana. Oho dai. Ta koma rumfarta, yanzu Hajiya Hajo mai tuwo ake ce mata, kuma tukwanen miya sun zama biyu, ƙaramar ba ta da yaji.

Abu ɗaya ne na daina, kai kwano ofishin kaya. Tana da wani ƙunshin tsummokara da take ajiyewa a kan benci kusa da inda take zama, duk fasinjan da ya zo zai zauna nan sai ta ce da mutum. Da an kira azahar an idar, za ka ga Alhaji Salmanu ya fito daga ofis ya nufo rumfar. Ba ta kallonsa. Sai dai ta kai hannu ta ɗauke ƙunshin ta ɗora a cinya.